TSOHUWAR KWAMFUTAR TEBUR DA SABUWAR WAYAR ALJIHU: YAUSHE ƘARAMIN YA KAMO BABBAN?

Rubutun yau yana da tsawo, wanda yake kan aiki ya ajiye shi sai dare.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Labarin bai yi ƙara a wajenmu ba, amma zai iso mu ta hanyar da irinsa ya saba isowa, wato ta kwantena. Windows 11 ba ya karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na takwas, in ban da 'yan tsiraru, kuma zubi na takwas a 2017 ya fara fitowa. Ke nan ofisoshin Turai da Amurka suna ta sallamar injinan da suka girmi haka. Za su sauka Legas, su kwana Ikeja, su hau mota zuwa Kano, su zauna a Beirut Road da Farm Centre, daga nan a ɗauko su ɗaya ɗaya zuwa Kazaure da Karkarna da Roni da Gwiwa da Babura, kowacce da 'yar takardarta a goshi an rubuta Core i7. Tun kafin su iso ma saƙonni sun fara yi mini yawa. Wannan ya ce an yi masa tayin tsohuwar ta tebur mai i7, ga kuma laftof mai i5 da ta fi ta tsada, wacce zai ɗauka? Wancan ya ce wai da gaske ne wayar da ke aljihunsa ta fi kwamfutar ofishinsu ƙarfi? Amsar tana da tarihi, kuma wani yanki na tarihin a ƙasarmu ta Kazaure ya faru.

Bari mu fara daidaita harshe. Abin da ake ce wa furosesa, ni ƙwaƙwalwa nake ce masa: wani ɗan falle ne da bai fi farcen babban yatsa ba, cike da ƙananan makunnai da ake kira tiransisto, kowanne aikinsa ya buɗe wa wuta hanya ko ya rufe. Lambar nan ta GHz da ake rubutawa a jikin kwali tana nuna sau nawa ƙwaƙwalwar ke bugawa a daƙiƙa ɗaya. 1 GHz bugu biliyan ɗaya ke nan. Ku ɗauki misalin daka. Yawan saukar taɓarya a turmi shi ne GHz. Amma kowa ya san yarinyar da ke sauke 'yar ƙaramar taɓarya da sauri ba lallai ta riga babbar mace mai taɓarya mai nauyi gama surfe ba. Nauyin taɓaryar, wato yawan aikin da bugu ɗaya ke cirewa, shi ne abin da ba a rubutawa a kwali. Sai kuma yawan masu dakan: mace ɗaya ce, ko huɗu ne suke lugude? Wannan shi ne abin da ake nufi da ƙwaƙwalwa mai kai biyu, mai kai huɗu, mai kai takwas. Ku riƙe wannan turmin, za mu dawo kansa.

A 1971 Intel ya fitar da ƙwaƙwalwarsa ta farko, 4004, mai tiransisto 2,300. A 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutar da ta zama kakar duk na teburin da muka sani. A 1993 Pentium ya zo da tiransisto miliyan 3.1. Duk wannan labarin wasu ne, mu a nan ba mu san ana yi ba, in ka cire 'yan ofisoshi da bankunan Kano. Shekarar da abin ya shigo gidanmu ita ce 2001.

A shekarar nan abubuwa uku suka haɗu. Gwamnan Jigawa na lokacin, Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure, ya kafa makarantar koyon kwamfuta a Kazaure da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo, wadda har yau bakin mutane bai daina ce mata Informatics ba. A watan Agusta kamfanonin Econet da MTN suka fara wayar salula a Najeriya. A watan Oktoba kuma Windows XP ya fito. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna cacar bakin da aka yi. Wasu suna cewa jihar da ke fama da ruwan sha da takin zamani me ya haɗa ta da intanet? Wasu suna cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, gara a fara da wuri. Kowa da ra'ayinsa kan mulkin wancan lokaci, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da na sani shi ne yaran Yankwashi da Roni da Gwiwa da yawa a nan suka fara ɗora hannu a kan kibod, kuma da dama daga cikinsu da wannan ilimin suke ci da iyalinsu har yau.

Injinan wancan zamani Pentium III ne da Pentium 4. Allah sarki! Farin akwati, ga talabijin ɗin nan mai ƙaton ƙeya da sai mutum ya rungume shi da hannu biyu kafin ya ɗaga. Pentium 4 ya fito a Nuwamban 2000 da gudun 1.4 da 1.5 GHz, tiransisto miliyan 42. Duk wanda ya buɗe shagon buga takardu a Kazaure a shekarun nan, in ya ce maka injinsa Pentium 4 ne, to ya gama magana. Mu da muka koyi aiki a irin waɗannan shaguna mun san ladubbansu: a cire takalmi a ƙofa, a lulluɓe inji da zani in an tashi saboda ƙurar hunturu, a bar fanka tana kaɗa masa ko da mai shagon yana zufa. Litar fetur naira 22 ce a 2001, don haka tayar da janareto bai zama abin da za a yi wa dogon lissafi ba.

Ita kuwa wayar da ta shigo a shekarar, ba wanda ya taɓa kawo ta kusa da kwamfuta a zuciyarsa. Layi kaɗai sai da ya kai dubban nairori, kira naira 50 a minti, kuma a garuruwanmu sai mutum ya nemi tudu ko ya hau dutse kafin ya samu sabis. Nokia 3310 ce sarauniya. Aikinta kira, saƙo, da wasan maciji. Gudun ƙwaƙwalwarta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na Pentium 4 ba. Amma tana kwana da kwanaki a kan caji ɗaya, kuma a nan asirin yake.

Ƙwaƙwalwar da ke cikin Nokia ɗin nan 'yar wani gida ce daban, gidan ARM. Asalinsa wani ƙaramin kamfani ne a garin Kambirij na Ingila mai suna Acorn. A 1985 injiniyoyinsa, Sophie Wilson da Steve Furber, suka ƙera ƙwaƙwalwa mai tiransisto kusan 25,000 kacal, saboda ba su da kuɗin Intel ba su da yawan ma'aikatansa, sai suka bi hanyar sauƙaƙawa: umarni kaɗan, masu sauƙi, a yi su da hanzari. Akwai labarin da su kansu suka sha bayarwa, cewa lokacin gwaji sun tarar ƙwaƙwalwar tana aiki alhali wayar da ke kai mata wuta ba ta haɗu ba. Ɗan abin da ke yoyo daga sauran kayan da ke kewaye da ita shi take lasa tana aiki. Talauci ne ya koya musu tattali. A 1990 aka kafa kamfanin ARM da haɗin gwiwar Acorn da Apple da VLSI, kuma shi ba ya ƙera ƙwaƙwalwa da kansa, zane yake sayarwa, kowa ya biya ya je ya ƙera. Da zamanin salula ya zo aka shiga neman ƙwaƙwalwar da ba za ta shanye batir ba, sai aka tarar ga ta nan tana jira.

Gidan Intel kuwa gudu ya sa a gaba. Shi da abokin hamayyarsa AMD suka yi ta tsere, har AMD ya riga shi kai 1 GHz a watan Maris na 2000 da tazarar kwanaki. Don haka aka tsara Pentium 4 musamman don lambar GHz ta yi ta hawa, har kamfanin yana hasashen zai kai 10 GHz. Dabarar ita ce a yanka aiki gunduwa-gunduwa. Kun ga yadda ake miƙa bulo a wajen gini, mutane sun yi layi wannan ya ba wannan? Pentium 4 na farko layinsa mutum 20 ne, wanda ya fito a 2004 mai suna Prescott ya kai 31. In layi ya yi tsawo hannu yana sauri, amma da zarar magini ya ce ba wannan bulon nake so ba, duk abin da ke hannun mutum talatin da ɗaya sai a zubar a sake daga farko. Ga kuma zafi. Prescott mai 3.8 GHz an ƙiyasta masa wat 115, shi kaɗai, ban da sauran kayan cikin akwatin. A Oktoban 2004 Intel ya sanar ya fasa fitar da mai 4 GHz. Tseren ya tsaya ne a bangon zafi, kuma duk wanda ya taɓa zama a shago mai irin wannan injin a watan Afrilu, fankarsa tana kuka kamar injin markaɗe, ya san bangon da ake nufi.

Abin da ya ceci Intel daga ɓangaren laftof ya fito. Wata tawagarsa da ke Haifa ta ƙera Pentium M a 2003 don kwamfutar tafi-da-gidanka, inda batir ke tilasta tattali. Sai aka ga mai 1.6 GHz yana karawa da Pentium 4 mai 2.4 GHz, da wuta kaɗan. Taɓarya mai nauyi ke nan. Daga wannan zuriyar aka fitar da Core 2 Duo a Yulin 2006, aka yi wa Pentium 4 ritaya. To kun ga tun shekara ashirin da suka wuce ƙanin ya fara gyara wa wan zama, a cikin gida ɗaya ma. Wanda yake auna kwamfuta da GHz kaɗai yau, yana amfani ne da mudun da masu shi suka jefar tun 2004.

Mu kuma a daidai wannan lokacin ne kwantena ta buɗe mana baki. A 2005 wata ƙungiyar Amurka mai suna Basel Action Network ta yi bincike a Legas, ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 ta tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka duk wata, kuma masu sana'ar sun shaida mata cewa har kashi 75 cikin ɗari na iya zama tarkacen da ba ya gyaruwa. Abin da ya gyaru shi ya hauro Arewa. Shi ya sa tarihin kwamfutarmu kullum yake bin na duniya da tazarar shekara biyar zuwa goma: Pentium 4 ya cika shagunanmu lokacin da Turai ke zubar da shi, Core 2 Duo ya iso bayan 2010, i3 da i5 na zubi na biyu da na uku suka biyo baya. Ban raina gwanjon nan ba, wallahi. Da shi aka yi cike fom ɗin JAMB, da shi aka buga takardun ɗaurin aure da na neman aiki, da shi dubban yara suka koyi Word da Excel. Amma a san shekarunsa.

Waya ba ta bi wannan hanyar ba, kuma wannan ne ya sauya lissafin. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya shigo kasuwar Najeriya a 2008 da sababbin wayoyi masu layi biyu da arha. Ke nan mutumin Gwiwa yana sayen kwamfutar da ta shekara goma a wani ofishin Landan, amma wayar da ke hannunsa bara aka ƙera ƙwaƙwalwarta a Taiwan. Kuma a shekarun nan gidan ARM bai zauna ba. A 2013 Apple ya sa tiransisto sama da biliyan ɗaya a ƙwaƙwalwar wayarsa. A 2020 ya fara sallamar Intel daga kwamfutocinsa, ya ɗauko zuriyar ƙwaƙwalwar waya ya ƙera M1 mai tiransisto biliyan 16, ya sa a laftof da ko fanka babu a cikinta. A watan Yunin shekarar, kwamfutar da ta zo ta ɗaya a ƙarfi a duk duniya, Fugaku ta ƙasar Japan, da zanen ARM aka yi ta. Jikar Nokia mai wasan maciji ke nan.

Me ya ba da damar haka? Ƙanƙantar tiransisto. Pentium 4 na farko an yi shi da ma'aunin nanomita 180, Core 2 Duo na 2008 da 45, i5 da i7 na 2011 da 32. Faɗin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu saba'in ko fiye, don ku gane irin ƙanƙantar da ake magana. Ƙwaƙwalwar Helio G99 da ke cikin Tecno da Infinix masu matsakaicin kuɗi ana ce mata mai nanomita 6. Gaskiya lambobin baya-bayan nan sun zama rabi ma'auni rabi talla, amma alƙiblar ba ta canza ba: duk sanda makunni ya ƙanƙance, wutar da yake sha tana raguwa, kuma ana iya cusa da yawa a wuri ɗaya.

Mun ga wannan juyin da idonmu a wajen zaɓe, ko da ba mu lura ba. Rajistar 2011, zamanin Farfesa Attahiru Jega, an sayo na'urori 132,000, kowacce laftof ce da kyamara da abin ɗaukar zanen yatsa da firinta da ƙaton batir, ana ɗauke da su a akwati. A 2023 BVAS ce aka kai rumfuna, abu kamar babbar waya, ana riƙe ta da hannu ɗaya. Haka na'urar POS da ta riƙe kasuwanninmu lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, yawancin sababbin ƙwaƙwalwar waya ce a cikinsu.

To yanzu ga amsar kai tsaye, gwargwadon abin da manhajojin gwaji irin su Geekbench ke nunawa. Pentium 4 ya fita daga gasar, waya mai matsakaicin kuɗi ta yau ta wuce shi nesa ba kusa ba. Core 2 Duo E8400 na 2008, mai 3.0 GHz da wat 65, wanda har yanzu yake aiki a shaguna da yawa, Helio G99 mai 2.2 GHz ta wuce shi, ko kai ɗaya aka gwada da kai ɗaya, balle a haɗa duka. Tsakanin i5 na tebur na 2011 da irin wannan wayar kuwa, in an gwada kai ɗaya, tazarar ba ta da yawa. Manyan wayoyi masu tsada, iPhone da Samsung na sahun gaba, sun bar i7 na 2011 a baya tuntuni.

Amma a yi hattara da kalmar kai takwas da ake rubutawa a kwalin waya. Ba duk masu luguden ne manya ba. A Helio G99, biyu ne manyan mata, shida yara ne da ake bar wa ƙananan ayyuka don batir ya jima. A wayoyi masu arha sosai kuwa akwai ƙwaƙwalwar da duk takwas ɗin yara ne, kuma a aikin da kai ɗaya ke yi tsohon Core 2 Duo yana iya kayar da ita. Yawancin abin da muke yi yau da kullum, buɗe shafi, buɗe manhaja, ƙarfin kai ɗaya ya fi dogara a kai. Shi ya sa za ka ga waya an rubuta mata takwas amma tana tafiyar hawainiya.

Tsakanin tsohuwar ta tebur da sabuwar laftof kuma, a nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Sunan i7 ba shekara ba ne, matsayi ne a cikin gida, kamar a ce babban ɗa. Babban ɗan gidan da aka yi a 2011 daban, na 2020 daban. Ku duba lambar da ke bin sunan. I7-2600, wannan 2 ta farko zubi na biyu ke nan, Janairun 2011, kai huɗu, wat 95. I5-8250U na laftof, 8 ta farko zubi na takwas, 2017, shi ma kai huɗu, wat 15. A gwaji suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sau da yawa ma ƙaramin ne a gaba, kuma shi Windows 11 yana karɓarsa, wancan ba ya karɓa. Mai shago zai ce maka bakwai ta fi biyar. Ba ƙarya ya yi a lissafin firamare ba, amma kai za ka biya kuɗin fetur. Akwai ma wata 'yar ƙwaƙwalwa, Intel N100 ta 2023, mai wat 6, da ake sawa a ƙananan akwatuna kamar girman sabulun wanki biyu, wadda ta kamo i5 na tebur na wajajen 2012.

Maganar wutar nan ita ce zuciyar al'amarin a wajenmu, fiye da Bature da ke rubuta sharhi a inda ba a ɗauke wuta. Batirin waya mai 5,000 mAh yana riƙe da abin da bai wuce wat 19 na awa ɗaya ba, kuma da shi waya ke wuni. Tsohuwar Pentium 4 da talabijin ɗinta mai ƙeya, in muka ƙiyasta musu wat 200, za su shanye wannan batirin cikin minti shida. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane mai shago ya koma lissafi da biro. Kuma mun ga abin da ya faru a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace yawancin Arewa ta kwana da kwanaki a duhu. Masu cajin waya da sola suka yi ciniki, masu manyan injina suka rufe ƙofa.

Kada wani ya ɗauka na ce a zubar da na tebur. Akwai inda tsohuwar take da gaskiya, kuma zan tsaya mata. Na farko, juriya. Waya ba ta da fanka. In ka ɗora mata aiki mai nauyi, kamar haɗa bidiyon biki, minti kaɗan za ta yi da ƙarfinta sai ta ɗau zafi ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kuma a zafin Afrilu na ƙasar Kazaure, da ma'auni ke haura 40, tun kafin ta fara aikin ma ta riga ta yi ɗumi. Manhajar gwaji tseren mita ɗari take aunawa, aikin shago kuwa tafiyar Kano ce a ƙafa. Ta tebur tana da fanka da sarari, za ta wuni a gudu ɗaya. Sannan tana gyaruwa. Yaro mai sukudireba a Kazaure zai buɗe ta, ya hure ƙura, ya ƙara mata RAM, ya canza akwatin wuta in ya ƙone. Kuma sau da yawa nauyin da ake ɗora wa ƙwaƙwalwa laifin tsohon faifan ajiya ne mai juyawa. Cire shi ka sa SSD, ka ga injin 2012 ya tashi kamar an yi masa allura. Wanda Windows 11 ta ƙi kuma yana iya ɗaukar Linux, kyauta, ya ci gaba da samun kariya. Waya in ƙwaƙwalwarta ta gaza, ta gaza ke nan, komai a manne yake.

Abu na ƙarshe da ya fi damuna shi ne yaranmu. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da ke iya shirya bidiyo a waya da yatsa biyu, ka zaunar da shi gaban kibod da linzami ka ga hannunsa yana rawa. Ƙarfin ƙwaƙwalwar da ke aljihunsa ya fi na injin da yayyensa suka yi karatu a kai a 2003, amma bai taɓa buga wasiƙa mai shafi ɗaya ba, bai san yadda ake jera lissafi a Excel ba, kuma ofis da banki da asibiti har gobe waɗannan suke tambaya. Mutanen 2001 injinsu rarrauna ne amma sun zauna a gabansa sun koyi sana'a. Wannan ba laifin waya ba ne, rashin wurin zama ne da kibod.

Shi ya sa da ƙungiyar tsofaffin ɗaliban wata makaranta a yankinmu ta nemi shawarata kan ɗakin kwamfuta mai kujera talatin, na ce mu fara da lissafin wuta kafin lissafin inji. An kawo musu tayin tsofaffin na tebur masu i7 zubi na biyu, kuma farashin ya yi daɗin ji. Na ce mu ƙiyasta wa kowacce wat 150 da allonta: talatin sun tashi wat 4,500, wato babban janareto da jarkar mai duk ranar da za a yi darasi, kuma mun san yadda irin waɗannan ɗakuna ke ƙarewa, a kulle, injina lulluɓe da zani, ana jiran ranar da baƙo zai zo. Laftof talatin na zubi na takwas, a ƙiyasin wat 30 kowacce, wat 900 ne, abin da 'yan fallayen sola za su ɗauka da rana tsaka, kuma kowacce da batirinta in gajimare ya rufe. Matsalarsu sata da saurin lalacewar kibod a hannun yara, don haka sai an yi akwatin ƙarfe mai kwaɗo an kuma sayi kibod na waje masu arha. Wasu a cikinmu suka ce kuɗin ba zai kai talatin ba. Na ce a sayi goma sha biyar da sola, yara su zauna bibbiyu, a bar tsohuwar ta tebur guda ɗaya a ofishin shugaban makaranta a sa mata SSD don firinta da ajiyar sakamako.

Wanda zai shiga kasuwa da kansa kuma, kada ya tsaya a takardar da aka manna a goshin inji, don ana sayar da irinta a leda. A kunna injin a gabanka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka taɓa CPU, cikakken sunan ƙwaƙwalwar zai fito a sama ta hannun dama. In lambar da ke bin i5 ko i7 mai huɗu ce kuma ta fara da 2 ko 3 ko 4, injin ya haura shekara goma, a yi cinikinsa a kan haka. A wurin nan dai za ka ga ko faifan HDD ne ko SSD, da yawan RAM, kuma ƙasa da 8 GB yau wahala ce. In laftof ce, a zare caja a bar ta tana aiki minti ashirin kana kallon yadda batirin ke sauka, kafin ka ƙirga kuɗi.